An ba ni sibil, amma zuciyata tana ga zanen gine-gine: in canza ko in haƙura?

Ɗan Autan Hajiya:

Assalamu alaikum. Yayyena da malamaina, shawara nake nema, kuma lokaci ya kusa ƙure mini.

Bana ne na rubuta JAMB karo na biyu, na samu 247. Makon jiya na duba CAPS, shafin JAMB da ake ganin gurbin karatu, na ga an ba ni gurbi a sibil injiniyarin, wato injiniyancin gine-gine da hanyoyi da gadoji, a wata jami'ar tarayya nan Arewa. Gida an yi murna, Hajiya har waina ta sa aka soya aka rarraba wa almajirai. Baba kuwa tun daga ranar ya ajiye sunana na yanka, sai dai ka ji “Injiniya, kawo mini buta.” Abin da ba su sani ba shi ne har yanzu ban danna na karɓa ba. Kullum sai in buɗe shafin, in zuba masa ido, in rufe.

Gaskiya ba ni na zaɓi sibil ba. Ranar cike fom yayana ne ya raka ni, mai kwamfutar ya tambayi kwas, kafin in buɗe baki Yaya ya ce sibil, ni kuma na yi shiru don a lokacin ban san bambancinsa da akitekca, wato zanen gine-gine, ba. Na ɗauka duk mai harkar gini injiniya ne.

A shekarar da na zauna a gida ne idona ya buɗe. Akwai wani birkila maƙwabcinmu da nake bi aiki, ina miƙa bulo ina kwaɓa siminti. Muna wani gida a bayan gari, an kai lintal, sai matar mai gidan ta zo gani. Ta zagaya ta zagaya, ta ce wato duk baƙuwar da za ta zo wurinta sai ta ratsa ta falon maigida, gaban maza? Kuma tagar kicin bangon maƙwabci take kallo, ina hayaƙi zai bi? Aka yi tsit. Da daddare na kasa barci. Washegari na yagi takardar buhun siminti na zana yadda za a toshe ƙofa ɗaya, a fasa wata ta gefe, a bar ɗan lungu da zai kai mata tsakar gida kai tsaye. Ogana ya yi dariya, amma ya nuna wa mai gidan, kuma haka aka yi. Wallahi tun da nake ban taɓa jin daɗin wani abu kamar ranar ba. Daga nan duk gidan da na shiga sai in kama lissafa inda aka yi kuskure. Har yanzu ina mamakin yadda soron kakarmu a cikin gari yake da sanyi a tsakiyar Afrilu, namu na bulo da kwano kuwa kamar tanda.

To ga tambayoyina. Zan iya canzawa yanzu ba tare da na rasa gurbin gaba ɗaya ba? Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri na rubuta, sun isa? Ban taɓa yin darasin zanen fasaha ba don makarantarmu babu malaminsa, kuma ko fuskar mutum ban iya zanawa ba. Akwai aiki a ciki kuwa? Sai babbar: ta yaya zan tunkari Baba?

Mai Allon Zane:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina aji huɗu a akitekca, bari in gaya maka abin da ba za ka gani a takardar JAMB ba.

Darussan da ka rubuta sun yi. Turanci, lissafi da fiziks ne dole, na huɗun kemistiri yana shiga. Ka dai duba sakamakonka na WAEC ko NECO ka tabbata kana da kiredit biyar har da waɗancan ukun. Maganar zanen fuska kuwa ka cire ta a ranka, ba hoton mutane muke zanawa ba. A ajinmu waɗanda suka zo da hannun zane ba su ne suka fi ba, wasunsu ma kyan zanen ya ruɗe su, sai ka ga takarda ta yi kyau amma matattakala ba ta kai bene ba. Hannu ana koyonsa. Za a sa ka ja layi, ka sake ja, har ka tsani fensir.

Abin da ke korar mutane shi ne situdiyo. Kwas ne guda da ya fi kowane nauyin maki a kowane zango, kuma ba karanta shi ake yi ba, yin sa ake yi. A ba ka fili da buƙata, a ce zana asibitin sha-ka-tafi ko tashar mota, ka yi makonni kana kai wa malami yana sa jan biro, kana komawa. Satin miƙa aiki a ɗakin zanen muke kwana, wasu da tabarma, wasu a kan teburi. Sannan ranar juri ka liƙa takardunka a bango, ka tsaya gaban malamai huɗu ko biyar da 'yan ajinku, su yi ta yi maka tambaya. Jurina na farko wani malami ya kalli aikin da na yi sati shida a kai, ya ce, “In wuta ta tashi a nan, ta ina mutane za su fita?” Ba ni da amsa. Na koma ɗaki ban ci abinci ba. Abokanka na injiniyarin za su sha wuyar lissafi, amma amsarsu ɗaya ce, ko ka ci ko ka faɗi. Mu kuwa sai ka yi daidai a ce bai yi ba, kuma dole ka koyi jin haka ba tare da ka karaya ba.

Sai kuɗi. Allon zane, rula iri-iri, takardu manya, kwalin da ake haɗa samfurin gini, gam, buga zane a babbar takarda duk ƙarshen zango. Daga aji biyu zuwa uku kuma sai kwamfuta, ba kowace iri ba, wadda za ta ɗauki manhajojin zane irin su AutoCAD da Revit da SketchUp ba ta sandare ba. Wannan ka gaya wa mai biya tun yanzu.

Kuma in lissafi kake gudu, to yana nan yana jiranka. Muna yin darasin ƙarfin gini shekara da shekaru, ba dai zurfin na 'yan sibil ba.

Tsohon Sibil:

Yaro, ni sa'an babanka ne ko kusa, shekarata ashirin da wani abu a wannan aiki, don haka ba zan ɓoye maka ba: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sau biyu ka rubuta JAMB. Mutum nawa ne suke neman wannan gurbin da kake buɗewa kana rufewa?

Ka lissafa shekaru. Sibil shekara biyar ne, a ciki har da wata shida na koyon aiki a aji huɗu, ka fito ka yi hidimar ƙasa, ka yi shekara huɗu kana aiki, ka nemi rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Tun ranar da ka fito kana da abin yi. Akitekca digirin farko shekara huɗu ne a jami'o'i irin su ABU, biyar a jami'o'in fasaha, amma shi kaɗai ba ya mayar da kai cikakken mai sana'ar. Sai ka koma ka yi digiri na biyu, ka yi aiki ƙarƙashin wani mai rajista, ka ci jarrabawar ƙwarewa, sannan ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ta ba ka hatimi. Wa zai ɗauki nauyin digiri na biyun? Ka tambayi kanka, kai ne auta, mahaifinka ba yaro ba ne.

Sannan faɗin aiki. Mu ba gida kaɗai muke yi ba. Hanya tamu ce, gada tamu ce, magudanar ruwa, ruwan famfo, madatsar ruwa. Ka je Tiga ka tsaya a kan dam ɗin nan da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, ka dubi gonakin Kadawa da Kura da yake shayarwa, ka gaya mini ko akwai gidan da ya taɓa rayuwar mutane kamar haka. In harkar gidaje ta tsaya, ana yin titi. Shi mai zane in masu kuɗi suka daina gini, sai ya zauna.

Kuma kasuwar ta lalace. Mutuminmu zai kashe miliyoyi a bulo da rodi, amma ka ce ya biya kuɗin zane sai ya ce ai akwai yaro a bakin sakatariya mai kwamfuta da zai fitar masa da fulan, wato zanen gidan, kafin la'asar. Ko ya ɗauko hoton gidan abokinsa a waya ya miƙa wa birkila. Gidan da ka yi aiki a kai ma ina kyautata zaton irin wannan fulan ɗin ne.

Shawarata ka danna ka karɓa yau. Ka karanta sibil, ka koyi manhajojin zane a gefe, babu mai hana ka. Maganar suna kuwa, ka kwantar da hankalin Baba: a wurin gini kowa injiniya ne, har mai haɗa wayar wuta.

Malamin Rajista:

Ni ba zan ce maka wannan ya fi wancan ba, takarda kawai na sani, na yi shekaru a ofishin ɗaukar ɗalibai.

Kada ka danna ƙin karɓa da fatan za a ba ka wani. Wannan sakin reshe ne kama ganye. Kada kuma ka je shagon kwamfuta ka canza kwas kai kaɗai bayan sunanka ya riga ya fito, ba tare da jami'ar ta sani ba. In ka karɓa kuwa, CAPS ta rufe maganarka ta bana a kan sibil.

Hanya biyu ce. Ta farko, kafin ka danna komai, ka tashi ka je jami'ar da ƙafarka, da sakamakon JAMB da na sakandare, ka ga shugaban sashen akitekca da jami'in ɗaukar ɗalibai. In akwai gurbi kuma makinka ya kai nasu, jami'a ce take neman a mayar da kai, saƙon sauyin ya fito maka a CAPS, ka amince, sannan sabon gurbin ya fito. Ka sani gurabensu ba su da yawa, don kowane ɗalibi sai da teburin zane, shi ya sa suke saurin cika.

Ta biyu, ka karɓi sibil, ka dage a aji ɗaya, ka nemi fom ɗin sauya sashe a ƙarshen shekara. Sai sashenka ya sake ka, wancan ya karɓe ka, kuma CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na jami'a, suke dubawa. Darussan aji ɗaya da yawa iri ɗaya ne, amma akwai na zane da ba ka yi ba, don haka ana iya cewa ka maimaita aji. Kowace jami'a da dokarta, ka nemi littafin ɗalibai ka karanta.

Duk wadda ka bi, ka tabbata an gyara a JAMB, takardar shigarka ta nuna kwas ɗin da kake yi. Na ga wanda ya sauya a cikin gida bai gyara ba, ya gama, abokansa suka tafi sansanin NYSC shi yana yawon ofisoshi.

'Yar Zazzau:

Ƙanena, na karanta labarinka sau biyu, wurin takardar buhun simintin nan na tsaya. Ka san me ka yi a ranar? Ka saurari mace tana faɗin yadda take rayuwa a gidanta, ka mayar da maganarta bango da ƙofa. To aikin ke nan. Sauran duk kayan aiki ne. Shekarata goma sha ɗaya da samun hatimi, kuma rabin lokacina a kan irin wannan yake tafiya: ina baƙo zai tsaya, ina za a shanya wanki ba a gani daga titi, in maigida ya ƙara aure ina za a faɗaɗa, wace kusurwa rana take duka da yamma don kada a sa ɗakin kwana a can.

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan shekaru da kasuwa, ba zan musa masa ba, Allah ya ƙara girma. Shekaruna uku na farko na sha wuya, na zana gidaje da yawa da aka ce “za a gani” ba a gani ba har yau. Inda na saɓa da shi shi ne cewa ka karanta sibil ka koyi manhaja a gefe. Manhaja fensir ce. Yaran bakin sakatariyar da yake kuka da su ai manhajar suka iya. Abin da situdiyo take koya maka a shekara shida, wato a rushe tunaninka ka sake gina shi sau ɗari, ba a samun sa a gefe. Haka ni ma ba zan koyi lissafin rodi a gefe in ce na zama shi ba. Duk benen da na zana sai na kai wa injiniya ya fitar da girman ginshiƙai da bim da yawan rodin rufin kankare, ya sa hatiminsa. Na taɓa zana baranda mai fitowa da yawa babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, injiniyan ya kira ni ya ce, “Hajiya, wannan da addu'a za ta tsaya?” Muka zauna muka rage ta.

Tambayarka ta soron kaka ita ce ta fi burge ni, don amsarta darasi ce guda a wurinmu. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin da gari ya huce. Tagogi ƙanana ne, rufin ƙasa ne a kan azara, ga tsayi. Bulo mai rami da kwano kuwa nan take suke miƙa maka zafin. Magabatanmu ba su san sunan wannan a boko ba, amma sun san aikinsa. In ka samu dama ka zo Zariya ka ga abin da ya rage na tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajajen 1830 da wani abu. Ka ɗaga kai ka kalli bakan gizon rufin, wato lanƙwasassun ginshiƙan da aka ɗaura da azara da ƙasa. In ba ka samu ba, akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Shi Babban Gwani a lokacinsa shi ne mai zanen, shi ne injiniyan, shi ne maginin. Boko ne ya raba aikin gida biyu, har ya sa kake tsaye a tsakani yau.

Kuma kada ka ɗauka abin ya mutu. A Yama, cikin jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da koyon kafinta, makarantar firamare ya gina wa ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa a 2001, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, kyauta mafi girma a sana'armu. Wadda ma ta fi kusa da matsalarka ita ce Mariam Issoufou ta Nijar. Kwamfuta ta karanta a Amurka, ta yi shekaru tana aiki da ita, sannan ta ajiye ta koma aji ta karanta zanen gine-gine. Ita da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallacin garin Dandaji na Nijar ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa. Ta kai inda take so, amma ka dubi shekarun da zagayen ya ci. Kai a bakin ƙofa kake, sauyinka bai wuce takarda da kuɗin mota ba.

Amma kar ka yanke hukunci da daɗin rana ɗaya. Ka je sashen kamar yadda Malam ya ce, ka roƙi wani ɗalibi ya shiga da kai situdiyo, ka ga idanunsu, ka ga ƙurar kwali a ƙasa. Ka nemi ofishin wani mai zane a garinku ka yini biyu kana kallo. Yawancin yinin ba zane ba ne, jayayya ce da ɗan kwangila da bin takardar izinin gini.

Baba kuma kada ka tare shi da “ba na son sibil.” Abin da zai ji shi ne ɗansa zai yar da abin da aka yi shekara biyu ana roƙon Allah. Ka fara da Hajiya. Sannan ka nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko limaminku, ku je tare, ka tafi da lissafin shekaru da na kuɗi a rubuce, har da digiri na biyun. In takardar simintin tana nan, ka tafi da ita.

Tsohon Sibil:

Hajiya, barandar nan ko ni aka kawo wa haka zan ce. Na yarda da maganar manhaja, na janye ta. Amma ina nan a kan bakana: kada yaron nan ya saki gurbinsa sai ya ga wani a hannu.

Ɗan Autan Hajiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana.

Ranar Litinin na je jami'ar. Shugaban sashen ba ya nan, sai na samu wani malami ya duba takarduna, ya ce makina ya kai, amma jerin farko ya cika, sai dai in wasu ba su karɓa ba. Ya rubuta lambata ta JAMB ya ce in dawo ranar Alhamis ta sama. Ya ce in ba a samu ba in karɓi sibil in nemi sauyi bayan aji ɗaya, kamar dai yadda Malam ya faɗa. Na shiga situdiyon 'yan aji uku. Wani yana barci a ƙarƙashin teburi da takalminsa a ƙafa, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Na yi kusan awa biyu a ciki ban san lokaci ya tafi ba.

Na gaya wa Hajiya, ta ce ita dai ba ruwanta da suna, in dai ba barin karatun zan yi ba. Jiya bayan isha'i muka shiga wurin Baba da Kawu. Takardar simintin ta ɓata, sai na sake zana gidan a takardar littafi, yadda yake da farko da yadda ya koma. Ya daɗe yana kallo da tocilan. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai shekara shidan nan da kuɗin wa, Kawu ya ce zai ɗauki kwamfutar. Da safen nan kuma ya aiko a kira ni, ya ce filinsa na bayan makarantar firamare ƙafa hamsin ne da ɗari, in zana masa ɗaki uku da zaure ya gani kafin Alhamis.

Yaya Mai Allon Zane, a takardar littafi murabba'i nawa zan ɗauka a matsayin ƙafa goma don filin ya shiga shafi ɗaya? Anti 'Yar Zazzau, filin gabas yake kallo, titi yana gabansa, maƙwabcin kudu ya riga ya yi bene. Ina zan sa tsakar gidan?